Ƙofar but ba ta rufuwa sai an buga ta: daga ina gyara yake farawa?

Tambaya: Ina da Toyota Sienna ƙirar 2006. 'Yan watannin nan ƙofar but ba ta kamawa sai na buga ta sau biyu ko uku. Idan ta rufu, gefen dama ya fi na hagu buɗewa, tana ƙara a kan gargada, ƙura tana shigowa, wani lokaci kuma fitilar da ke nuna ƙofa a buɗe take sai ta kama a dashbod. An ce mini a matsar da ƙugiyar da makulli ke kamawa zuwa ciki kawai, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Malam, kada ka bari a taɓa ƙugiyar nan tukuna. Ita aka fi saurin kai wa hannu saboda noti biyu ne kacal ke riƙe da ita, amma a cikin duk abubuwan da ke saita ƙofar but ita ce ta ƙarshe. Aikinta shi ne ta riƙe ƙofar da ta riga ta zauna daidai a mazauninta. Idan ƙofa ta karkace aka sa ƙugiya ta riƙa jawo ta da ƙarfi, za ta rufu na ɗan lokaci, sannan haƙorin makulli ya cinye, hinji ya ƙara gajiya, a koma gidan jiya da kashe kuɗin da ya fi na farko. Kuma shawarar da aka ba ka tana iya zama akasin abin da motar ke buƙata. Ƙofar da sai an buga ta take kamawa, sau da yawa ƙugiyarta ce ta riga ta yi mata nisa. In aka ƙara tura ta ciki, bugun ne zai ƙaru.

Abubuwa shida ne ke riƙe da wannan ƙofa: hinji biyu a bakin rufin mota, shok biyu na gas da ke ɗaga ta, makulli a ƙasanta, ƙugiya mai siffar U a jikin mota, robobin tokare a gefuna, sai doguwar robar da ta zagaye bakin ƙofar. Makullin hawa biyu yake kamawa. Kamun farko na tsaro ne, don kada ƙofa ta wangale a kan hanya. Kamu na biyu shi ne rufuwa ta gaskiya, shi ke matse roba. Ƙarar da kake ji, da ƙurar, da fitilar dashbod, duk alamun ƙofar da ta tsaya a kamun farko ne, ko wadda ta kai na biyu da ƙyar.

Kada a ɗauki wannan a matsayin matsalar ƙura kawai. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta tana juyowa ta manne wa ƙofar but, shi ya sa gilashin baya yake riga ko'ina yin datti. Duk kafar da ƙura ta samu ta shigo, hayaƙin salansa ma ta nan yake bi, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi. A Sienna kujerar ƙarshe dab da ƙofar take, yara ne kuma aka fi zaunarwa a can. Idan masu zama a baya suna kukan ciwon kai ko jiri a doguwar tafiya, a yi gyaran nan kafin a sake ɗaukar hanya.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Sauke duk kayan da ke but, ka duba ko kafet ya hau bakin ƙofa, ko robar da ta zagaye ta zame daga mazauninta ta naɗe a wata kusurwa, ko murfin roban da ke kewaye da ƙugiya ya ɗago. Daga nan sai ka gwada makullin shi kaɗai. Ƙofa tana sama, ka sa sandar sukundireba a bakin makullin ka tura kamar ita ce ƙugiya. Ya kamata ka ji ƙas sau biyu, kuma in ka ja sukundireban baya ya ƙi sakin ta. Idan ƙas ɗaya ka ji, ko ya kama ya saki, ko ya yi nauyi, to makullin ne, kuma ba saitin da zai gyara shi. Kafin ka sauke ƙofar ka tabbata ka danna mabuɗi makullin ya koma a buɗe, domin buga ƙofa da makulli a rufe yana iya lanƙwasa haƙorinsa.

Yawancin makullan da suka yi nauyi ba lalacewa suka yi ba. Ƙurar hunturu ce take haɗuwa da tsohon giris ta zama kamar laka, sai ƙaramin sifirin da ke mayar da haƙori ya kasa aikinsa. A wanke shi da WD-40 ko kananzir da tsohon burushin haƙori, a yi ta rufe shi ana buɗewa da sukundireba har ya saki jiki, a goge, sannan a sa farin giris ɗan kaɗan. Baƙin man da aka juye daga inji bai dace da nan ba, ƙura yake kira. A motocin da hannun buɗewarsu na waya ne, kamar Sienna ta 1998 zuwa 2003, a duba ko hannun yana komawa da kansa bayan an ja shi. Idan ya maƙale a rabi, wayar tana nan a jaye, makulli ba zai taɓa kamawa ba ko da sabo ne.

Idan makulli lafiya lau yake, sai awo, kuma a nan ne ainihin ganewar take. Ajiye motar a kan daɓe mai shimfiɗa, ba kaya a ciki, ka rufe ƙofar har kamu na biyu. Auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota a wuri shida: sama hagu da dama a bakin rufi, tsakiya hagu da dama wajen fitilu, ƙasa hagu da dama a kan bamba. Ƙaramar rula ta ƙarfe ta isa. Rubuta lambobin, kada ka dogara da ido, domin ido ba ya raba milimita 1 da 2 a kan fenti mai duhu. A yawancin motoci tazarar gefe tana tsakanin milimita 4 da 6, amma abin dubawa shi ne hagu da dama su yi daidai. Bambancin milimita 1 ba komai ba ne.

Lambobin nan suna magana. Idan dama ta fi hagu faɗi daga sama har ƙasa da adadi ɗaya, ƙofar ce ta gusa gefe ɗungurungum, kuma wannan gyara ne mai sauƙi a wajen hinji. Idan dama ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, hagu kuma ta yi akasin haka, ƙofar ta juya ke nan, hinji ɗaya ya sauka ko ya lanƙwashe. Idan tazarar sama ta buɗe ta ƙasa ta matse har ƙofar tana goge bamba, duka ƙofar ce ta zazzago. Idan kuwa duk tazarar daidai take amma ƙofar ta turo waje, wato in ka ɗora rula a kan fitila da jikin ƙofa sai ka ga mataki, to nan ne robobin tokare da ƙugiya suke shigowa.

Akwai awo ɗaya da ke raba aikin sifana da aikin masu bodi. Buɗe ƙofar, ka auna bakin but ɗin da tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka juya ka auna ɗaya gicciyen, daga wurare masu kama da juna. Idan bambancinsu ya wuce kamar milimita 5, ba ƙofar ce ta karkace ba, ramin da take shiga ne. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su ta Kwatano sun taɓa shan duka ta baya kafin a gyara su a sayar. Ɗaga kafet ka duba ƙarfen ƙasa ko akwai tamoji, ko sabuwar walda, ko fentin da bai yi kama da sauran ba. Maganaɗisu ma yana tona asiri, domin ba ya kama inda aka cika bodifila (kwaɓin da masu bodi ke cike lotsawa da shi) da kauri. Irin wannan sai an ja bodin ya koma murabba'insa, in ba haka ba duk saitin da aka yi na wucin gadi ne.

Bisa bayaninka, hinji nake fi zargi. Babban abin da ke kashe shi a motoci irin su Sienna da Sharan da Golf shi ne lodin da ya hana ƙofa rufuwa, a ɗaure ta da igiya a kan kaya a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Kowane rami da mota ta faɗa, nauyin ƙofar da na kayan a kan waɗannan ƙananan hinji biyu yake sauka, kuma igiyar ba ta taɓa ja daidai a ɓangarorin biyu. Ba hinjin kaɗai ke lanƙwasa ba, har siririn ƙarfen rufin da aka ɗaure shi a kai. Buɗe ƙofar rabi, wani ya riƙe ta yana girgiza ta hagu da dama, kai kuma ka ɗora yatsa a kan hinjin. Idan ka ji wasa a cikin fil ɗinsa, ya cinye, sai canji, kuma biyun ake canzawa tare. Duba fentin da ke kewaye da shi: tsagewa ko layin tsatsa yana nuna ƙarfen rufin ya fara tsagewa, wannan kuma sai an yi walda an ƙara masa faranti ta ciki.

Idan hinjin bai cinye ba, ga yadda ake saita shi. Aikin mutum biyu ne, domin ƙofar da gilashinta ta fi ƙarfin hannu ɗaya, kuma a tokare ta da katako mai ƙarfi. Da farko a zagaye kowane hinji da alƙalamin maka, don a san inda aka taso. A kawar da ƙugiya daga hanya yadda ƙofar za ta sauka ba abin da ke jan ta. A wasu motoci farantin da notin ƙugiya ke shiga yana iya faɗawa cikin bodi idan aka cire notin biyu a lokaci guda, saboda haka ya fi aminci a cire ɗaya, a sassauta ɗayan, a juya ƙugiyar gefe. A murɗa robobin tokare su shige ciki gaba ɗaya. Yanzu a sauke ƙofar a hankali a ga inda take zama da kanta. Wannan shi ne matsayinta na gaskiya, shi ake gyarawa.

Notin hinji kashi biyu ne. Na jikin ƙofa a fili suke, da su ake ɗaga ta ko sauke ta da kuma gusar da ita gefe. Na jikin rufi suna ƙarƙashin silin, sai an ɓalle bakinsa na baya a hankali, da su ake kai saman ƙofar gaba ko baya. Ga wani abu da ke wahalar da masu gyara da yawa: Toyota tana yawan amfani da noti mai kafaɗa wanda ke cika ramin hinji ya tsayar da shi a tsakiya. Ko an sassauta shi ƙofar ba za ta motsa ba, sai a ɗauka ba ta saituwa, a koma dukan ta. Maganin shi ne a musanya shi da noti na gama-gari mai girma ɗaya tare da washa, sai wurin motsi ya samu. A sassauta rabin juyi kawai, yadda ƙofar za ta motsa in an tura ta amma ba za ta zame da kanta ba. A gusa milimita 1, a ɗaure, a sauke, a auna. Ƙofar ta fi tazarar da ke tsakanin hinjin biyu tsayi, don haka milimita 1 a hinji ɗaya tana zama fiye da haka a ƙasa. Wanda ya gusa milimita 3 a tashi ɗaya zai wuce gona da iri ya dawo yana laluben inda ya fara. Idan ramin ya ƙure ba a kai ba, washa mai kaurin milimita 1 a ƙarƙashin hinji tana cike gurbin, amma in ana buƙatar fiye da biyu, hinjin ya lanƙwashe ne, a canza shi. Noti mai kaurin milimita 8 ana ɗaure shi wajen Nm 20 zuwa 25 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne). Na rufi kuma a shafa musu gam ɗin hana yoyo, domin ta nan ruwan damina ke bi ya jiƙa silin.

Akwai dabarar da wasu masu bodi ke yi ta cusa katako a kusurwa ɗaya su danne ɗayar don ƙofar ta murɗe ta dawo. A ƙofar gefe wani lokaci tana yi. A ƙofar but, wadda rabinta gilashi ne da aka manne da gam, hanya ce ta fasa gilashi. Ni ba na ba da shawararta.

Shok ɗin gas kuma yana da hannu a karkacewa fiye da yadda ake zato. Kowane ɗaya yana tura ƙofar da ƙarfin Newton (ma'aunin ƙarfin turi) ɗari da yawa, har a lokacin da take rufe. Idan ɗaya ya mutu ɗayan yana da rai, ɓangare ɗaya ake turawa kullum, a hankali ƙofar ta murɗe. Haka ma tokare ta da sanda a gefe ɗaya. Alamar mutuwarsa ita ce ƙofa ta kasa tsayawa a sama, ko a ga danshin mai a jikin sandarsa, kuma ya fi nunawa da sanyin safiya saboda gas ɗin naitirojin da ke ciki yana rage ƙarfi in ya yi sanyi. Wannan matsala sananniya ce a ƙirar motarka: a 2008 Toyota ta kira Sienna na 2004 zuwa 2006 masu ƙofar lantarki a Amurka domin canza musu waɗannan shok. Biyun ake canzawa tare. A duba tsayinsu da lambar ƙarfin da ke jikin tsohon, wadda ke ƙarewa da harafin N, ko lambar kayan in ita aka rubuta. Sayen wanda ya fi ƙarfi wai don ya daɗe kuskure ne, hinji yake ci, ya kuma sa rufewa ta yi wuya. Wajen cirewa, ƙaramar sukundireba ake sawa a ɗaga zoben ƙarfen da ke kansa, sai ya fita daga ɗan ƙwallon ƙarfen da yake maƙale a kai. Sabon kuma a bar siririyar sandar ta kalli ƙasa idan ƙofa tana rufe, don man ciki ya riƙa jiƙa robarsa. Kada a kama sandar da filaya, kada a shafa mata giris, kada kuma a huda tsohon ko a jefa shi wuta. Bayan an mayar da shok a sake awo, domin turinsu yana ɗan sauya zaman ƙofar.

Sai robobin tokare. Yawancinsu masu zare ne, da hannu ake murɗa su. A riƙa fito da su rabin juyi rabin juyi, hagu da dama daidai, har ƙofar ta yi fuska ɗaya da jikin mota. A shafa musu alli a rufe a buɗe: dole allin ya bar shaida a ɓangarorin biyu. Wanda bai taɓa ba shi ke kawo ƙara a gargada, wanda ya fito da yawa kuma shi ke hana kamu na biyu. In sun ƙandare ko sun tsage, a canza su, ba su da tsada.

Yanzu ne lokacin ƙugiya ya yi. Duba jikinta tukuna. Inda ya yi ƙyalli ko ya zaizaye shi ne inda makulli ke gogar ta, kuma in rami ya fito a jikin ƙarfen, ko rigar robar da wasu ke da ita ta yage, canza ta ya fi saita ta. Notinta yawanci masu kan tauraro ne, T40, ko manyan masu kan gicciye, kuma suna da tauri. A yi amfani da abin kwancewa daidai girmansu, in ba haka ba kan ya lalace aikin minti goma ya zama na wuni. A mayar da ita, a ɗaure ta sama-sama, a sauke ƙofar a hankali ana kallon gefuna. Idan a daidai lokacin kamawa ƙofar ta yi tsalle zuwa hagu ko dama, ƙugiyar ba ta tsakiyar bakin makulli. A ɗan buga ta da guduma mai kan roba zuwa ɓangaren da ya dace har ƙofar ta shiga ba tare da ta kauce ba. Sannan a saita zurfinta, milimita 1 a kowane gwaji: waje idan kamu na biyu yana wuya, ciki idan ƙofar tana wasa bayan ta kama. Ƙofar da ta saitu, turi ɗaya da tafin hannu daga tazarar kamar taƙi ɗaya ya ishe ta.

Gwajin roba da takarda ake yi. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe a kanta ka ja, ka zagaya duk bayan taƙi ɗaya. Ya kamata ka ji ta riƙe ko'ina. Inda ta zare salin-alin, nan ƙura ke shiga. Idan ƙofar ta saitu amma robar ta kwanta ta ƙi tasowa, ta gama aiki. Sabuwa takan sa rufewa ta yi tauri na 'yan makonni, kada a sake taɓa ƙugiya saboda haka, a shafa mata man silikon a ba ta lokaci. Man inji da fetur suna kumbura roba su lalata ta. Wani ƙaramin gwaji: rufe but ɗin da gilashin gefe ɗaya a sauke. Idan ya fi sauƙi sosai, kafofin fitar iska da ke ɓoye a bayan bamba sun toshe ko an like su wajen gyaran bodi.

Fitilar dashbod takan mutu da kanta idan ƙofa ta fara kaiwa kamu na biyu, saboda ɗan maɓallin da ke kunna ta a cikin makullin yake. Idan ta ci gaba, a kira rewaya ya ja robar da wayoyi ke bi tsakanin rufi da ƙofa ya duba, domin a nan suke karyewa saboda yawan lanƙwasa. Kada a bar ta haka, fitilar cikin but takan kwana a kunne ta shanye batir. In taka mai ƙofar lantarki ce, a kashe maɓallinta kafin a fara aikin, bayan an gama kuma a rufe ta da hannu har ƙarshe sau ɗaya don na'urar ta sake gane inda rufuwa take.

Masu motocin da ƙofar bayansu ke buɗewa ta gefe da taya a jiki, kamar RAV4 kafin 2013 da tsohuwar CR-V, nauyin tayar ne ke zazzago da ita, don haka a sauke tayar kafin awo, a sake dubawa bayan an mayar. Hilux kuwa makulli biyu gare ta, hagu da dama, da sandunan ƙarfe daga hannun tsakiya. Idan ɗaya yana kamawa ɗaya ba ya yi, ko sanda ɗaya ta zame daga maƙalinta, ko lodi ya bankare bangon bodin waje.

Bayan an gama naka, a sa mutum ya zauna a cikin but da tocila, wani ya zuba ruwa daga saman rufi na minti biyu ko uku a ga ko zai ɗiga. Sannan ka yi mako guda kana hawa, ka koma a sake gwada notin hinji da na ƙugiya da sifana, a kuma maimaita awon nan na wuri shida a kwatanta da lambobin ranar gyara. Idan sun gusa, ƙarfen rufin da ke ƙarƙashin hinji ne ke bayarwa, a sauke silin a duba shi ta ciki.